Yadda Ake Auna Gem: Jagorar Gane Ƙarfin Wasa da Rauninsa

Idan mutum biyu suna musu a kan gem, wato wasan bidiyo, wannan ya ce ya haɗu, wancan ya ce shirme ne, sau da yawa duk su biyun gaskiya suke faɗa, abin da suke dubawa ne ya bambanta. Ɗaya kyan hoto ya ɗauke masa hankali, ɗaya kuma hannunsa ne bai ji daɗin wasan ba. Gardamar ta fi tsanani idan wasannin ba iri ɗaya ba ne, domin mudun da ake auna gem ɗin ƙwallo da shi ba ya auna gem ɗin ban tsoro. Ra'ayina shi ne kowane gem akwai alkawarin da ya ɗaukar wa mai bugawa, kuma da wannan alkawari ake kama shi. Matakan da ke tafe hanya ce ta gano alkawarin, sannan a bincika ko an cika shi.

Mataki na farko: gano abin da wasan yake so ka ji

Kafin ka ce komai a kan gem, tambayi kanka me waɗanda suka yi shi suke so ya faru a zuciyarka. Tsoro? Jin ƙarfi? Natsuwa? Dariya tare da abokai? Amsar nan ita za ta nuna maka wanne ne aibi, wanne ne da gangan aka yi.

Resident Evil na 1996 yana ba ka harsashi kaɗan, kyamara a kafe take ba ka iya leƙa bayan kusurwa, juya jiki da nauyi, kuma ba ka iya ajiye inda ka tsaya sai ka samo zaren tawada ka kai shi wurin keken rubutu. A gem ɗin harbi irin Doom na 1993, wanda alkawarinsa gudu ne da ɓarin wuta, kowanne cikin waɗannan babbar illa ce. A Resident Evil kuwa su ne wasan, domin mai harsashi uku a bindiga shi ne zuciyarsa ke bugawa idan ya ji motsi a bayan ƙofa. Haka gem ɗin tseren mota Mario Kart yake ba na baya makamai masu ƙarfi, har da shuɗin ƙoƙon da ke tafiya takanas ya bugi wanda ke kan gaba. A Gran Turismo, inda ake gwada gwanintar tuƙi da sanin birki, wannan zalunci ne. A Mario Kart adalci ne, don an yi shi ne yadda gwani da ɗan koyo za su zauna tare kowa yana da rai har zagayen ƙarshe.

Ka faɗi alkawarin cikin jimla ɗaya. Idan ka buga awa biyu ka kasa, to ko dai ba ka gane wasan ba tukuna, ko kuma shi kansa bai san inda ya dosa ba, wanda rauni ne babba.

Mataki na biyu: ware aikin da kake maimaitawa

Duk girman gem, akwai wani ɗan aiki da kake yi ɗaruruwan lokuta. A Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, siffofi bakwai ne ke faɗowa, ka juya, ka ajiye, layi ya cika ya ɓace. A Minecraft ka haƙa, ka tara, ka ƙera, ka gina. A gem ɗin ƙwallo ka karɓa, ka ɗaga kai, ka ba da.

Gwajin da nake ba da shawara shi ne ka cire duk kayan ado a tunaninka: labari, kyaututtuka, lambobin da ke hawa, ƙarar da ake yi maka idan ka ci. Aikin da ya rage, za ka so ka yi shi minti goma haka kawai? Tetris ya tsallake wannan gwaji shekaru arba'in ke nan. Gem da yawa na waya ba sa tsallakewa: idan ka cire akwatin kyauta da hasken da ke walƙiya, sai ka ga danna wuri ɗaya kawai kake yi kana jira. Irin wannan wasa yana iya riƙe mutum wata da watanni, amma riƙe mutum daban, daɗi daban.

Mataki na uku: saurari hannunka

Nan ne yawancin masu sharhi ke wucewa da sauri, alhali nan ne ran wasan yake. Nemi wurin da babu abokin gaba, ka yi minti biyar ba ka yin komai sai motsi. Ka yi gudu ka saki maballi, ka ga ko jarumin ya tsaya nan take ko ya ɗan zame. Ka yi tsalle da ɗan taɓi, ka sake yi da dogon danni, ka ga ko tsayin ya bambanta. Ka juya kyamara kusa da bango, ka ga ko tana shigewa cikin bangon ta rufe maka ido. Ka danna duka sau biyu da sauri, ka ga ko wasan ya riƙe danni na biyu ko ya watsar.

Gem da ke tafiya a hoto 60 cikin sakan ɗaya yana sabunta allo duk bayan kusan milisakan 17, mai hoto 30 kuma sai bayan 33. A wasan da ake ɗaukar lokaci ana tunani, wannan ba komai ba ne. A wasan faɗa ko harbi, shi ne bambancin tare duka da shan duka. Sai dai kafin ka ɗora wa gem laifin jinkiri, duba talabijin ɗinka, domin yawancinsu suna da saitin gem na musamman da ke rage jinkirin hoto, kuma hannun gem mai raunin batir ko tsohon maballi shi ma yana jawo wa wasa zagin da bai ci ba.

Wasannin da suka fi daɗin hannu sukan yi maka alfarma a ɓoye. A Celeste na 2018, idan ƙafarka ta bar bakin dutse da ɗan ƙyaftawar ido, wasan yana karɓar tsallenka duk da haka, idan kuma kanka ya kusa bugun kusurwa sai ya ɗan gusar da kai ka wuce. Ba za ka ga wannan da ido ba, ji kawai za ka yi wasan yana fahimtar nufinka. Amma nauyi ma ba kullum yake zama aibi ba. A Dark Souls na 2011, idan ka ɗaga babban takobi to ka ɗaga ke nan, ba janyewa, sai saran ya kai ƙarshe. Wannan nauyi yana tilasta maka tunani kafin danni. Abin tambaya shi ne ko nauyin ɗaya ne kullum. Wanda za ka iya koyo ka saba da shi ƙira ce, wanda ke canzawa ba dalili kuwa matsala ce.

Mataki na huɗu: duba yadda yake koyar da kai

Filin farko na Super Mario Bros. na 1985 har yau ana koyar da shi ga masu ƙera gem. An ajiye Mario a hagu, fili a buɗe a dama, sai ka nufi dama ba wanda ya ce maka. Ƙaramin abokin gaba ya taho, ka koyi tsalle. Naman kaza ya fito daga akwati, ya bugi bututu ya dawo kanka, da wuya ka kauce masa, ka taɓa shi ka girma, ka gane alheri ne. Ba rubutu ko layi ɗaya. Kwatanta wannan da gem ɗin da zai tsayar da kai sau goma cikin rabin awa yana nuna maka shafukan bayani da za ka manta kafin ka buƙace su. Idan wasa ya kawo sabon abu, lura ko ya bar ka ka gwada shi a wuri marar haɗari kafin ya jarraba ka da shi.

Mataki na biyar: idan ka faɗi, laifin wa?

Wannan ce tambayar da na fi dogara da ita, kuma tana aiki a kowane irin gem. Duk lokacin da aka kashe ka, ko aka ci ka, ko mataki ya gagare ka, dakata ka amsa abu uku. Na ga abin da ya kashe ni yana zuwa? Na san abin da ya kamata in yi? In na sake, akwai abin da zan canza?

Idan amsoshin eh ne, wahalar ta gaskiya ce, ko da ka mutu sau hamsin. Bos, wato babban abokin gaba, a Dark Souls ko Elden Ring na 2022 yana ɗaga kafaɗa ko ya ja ƙafa baya kafin ya kawo sara, kuma kowane sara da alamarsa. Mutuwarka ta ashirin ta fi ta farko ilimi. Idan kuwa harbi ya zo daga bayan allo inda ba ka gani, ko makamin abokin gaba ya same ka alhali a ido bai taɓa ka ba, ko an ƙara wahala ta hanyar ninka jinin abokin gaba kawai yadda faɗan minti ɗaya ya koma na minti biyar ba tare da sabon abu ba, wannan ragwancin ƙira ne, kuma ya dace a faɗa.

Auna kuma abin da faɗuwa ke ci maka. Celeste yana da wuya ƙwarai, amma kana mutuwa cikin sakan ɗaya ka dawo farkon ɗakin da kake. Wasan da zai sa ka sake kallon bidiyon labari na minti biyu da ba a tsallakewa kafin kowane gwaji, ba wuya ya ƙara ba, lokacinka ya ɓata. Hades na 2020 ya bi wata hanya mai kyau: kowace mutuwa tana mayar da kai gida inda labari ke ci gaba, kuma akwai saitin da ke rage maka raunin duka da kashi 20 cikin ɗari, yana ƙara kashi 2 duk mutuwa har ya kai 80. Ni a wurina irin wannan saiti ƙarfi ne, domin yana buɗe ƙofa ga wanda hannunsa ba shi da sauri ko yake da lalura, bai kuma rage wa gwani komai ba.

Sa'a ma tana da gurbinta. A XCOM na 2012 sojanka yana iya kuskure harbin da aka rubuta kashi 95 cikin ɗari zai samu, ka ji kamar ka jefar da hannun gem. Amma wasan ya nuna maka lissafin tun kafin ka danna, kuma gwanintar ita ce ka shirya yadda kuskure ɗaya ba zai rusa ka ba. Sa'ar da aka bayyana ake kuma iya shirya mata ba ɗaya take da sa'ar da aka ɓoye ba.

Mataki na shida: tambayoyin da suka keɓanta da kowane iri

A gem ɗin faɗa irin Street Fighter ko Tekken, tambayar ita ce ko kowace dabara tana da maganinta. Ka sa aboki ya riƙa maimaita duka ɗaya, ka nemi yadda za ka karya shi. Idan babu, wasan ya karkace. Duba filin atisaye: Street Fighter 6 na 2023 yana nuna maka a allo tsawon kowane duka hoto bayan hoto, abin da a da sai an yi ta bincike. Sannan ka gwada karawa ta intanet da wanda yake nesa, domin gem ɗin faɗa mai tsinkewa a intanet rabin gem ne.

A ƙwallo, daina kallon mai riƙe da ƙwallo, ka kalli sauran goma. Suna neman fili? Ɗan baya yana bin wanda ya kutso ko yana tsaye? Gola yana fitowa a kan lokaci? Sai ka nemi hanya ɗaya ta cin ƙwallo ka maimaita ta wasa biyar a jere. Idan kullum tana shiga, to kowa a intanet ita zai riƙa yi, wasan ya zama abu ɗaya. Kada sunayen ƙungiyoyi da fuskokin 'yan wasa su ruɗe ka. Shekaru da dama gem ɗin ƙwallo na PES ba shi da lasisin yawancin ƙungiyoyin Ingila, har Manchester United ake kira Man Red a ciki, amma mutane da yawa suka fifita shi a kan FIFA a tsakiyar shekarun 2000 saboda yadda ƙwallo ke tafiya a ƙafa. Tambayar da ta dace da gem mai fitowa duk shekara, kamar FIFA da ya koma EA Sports FC a 2023, ita ce me ya canza a fili ban da riguna da jerin 'yan wasa.

A harbi, taswira da sauti su ne kan gaba. Kana iya gane daga ina takun ƙafa ke zuwa? Kowace bindiga tana da wurin da ta fi amfani, ko ɗaya ce ta danne sauran? Counter-Strike, wanda ya faro a 1999, ya daɗe ne saboda kuɗin da ake sayen makami da shi kowane zagaye yana sa ƙungiya ta yi shawara: mu kashe yanzu ko mu yi haƙuri mu tara? A nan ma alkawari ya bambanta. PUBG yana zuba mutum 100 a babban fili, wasa ya yi tsawo da jiran tsammani. Free Fire mutum 50 ne, wasa gajere, an kuma yi shi ya tafi a ƙaramar waya. Wanda ya kushe Free Fire don hotonsa bai kai na PUBG ba ya auna shi da alkawarin da bai ɗauka ba.

A gem ɗin dabara irin Civilization ko StarCraft, ƙirga zaɓin da ya sa ka tsaya ka yi tunani. Sid Meier, wanda ya ƙirƙiro Civilization a 1991, ya shahara da bayyana wasa a matsayin jerin zaɓuɓɓuka masu jan hankali. Zaɓin da amsarsa ɗaya ce kullum ba zaɓi ba ne. Raunin da ya fi yawa a irin waɗannan wasanni yana ƙarshe: ka riga ka san ka yi nasara, amma sai ka ƙara awa uku kana danna maballi kafin wasan ya yarda.

Gem mai labari da faɗin duniya shi ya fi yaudarar mai auna shi, domin girman taswira yana kama da daraja. Bar babban labari, ka ɗauki ƙananan ayyuka biyar a jere. Nawa ne cikinsu "je ka ɗauko" ko "kashe goma ka dawo"? A The Witcher 3 na 2015 aikin da ya fara kamar neman matar wani basarake da 'yarsa da suka ɓace yana juyewa ya zama labarin shaye-shaye da dukan mace da nadama, kuma zaɓinka yana da sakamakon da ba ka hango ba. Wannan shi ne ma'auni. Duba kuma ko abin da labari ke faɗa ya yi daidai da abin da hannunka ke yi: idan ana ce maka duniya za ta tashi gobe, wasan kuma yana tura ka kamun kifi na awa goma, akwai saɓani. Tsawo shi kaɗai ba daraja ba ne. Portal na 2007 ana gama shi cikin 'yan awoyi, babu ɗakin da aka saka don cike gurbi.

Mataki na bakwai: bi sawun kuɗi

Yadda gem ke samun kuɗi yana shiga cikin ƙirarsa, musamman wanda ake saukewa kyauta. A Candy Crush Saga rai biyar ake ba ka, kowanne yana ɗaukar rabin awa kafin ya dawo, sai dai in ka biya ko aboki ya turo maka. Saboda haka idan mataki ya yi tsauri kwatsam, kuma tallan sayen taimako ya bayyana daidai lokacin da motsi ɗaya ya rage maka, kana da hujjar tambaya ko wahalar don gwada ka aka yi ta ko don aljihunka.

Rarrabe abu uku: sayen ado da ba ya ƙara ƙarfi, sayen ƙarfi da ke ba mai kuɗi galaba a kan gwani, da sayen akwatin da ba ka san abin da ke ciki ba. Na ukun ya fi haɗari. A Genshin Impact damar samun jarumi mai tauraro biyar a ja ɗaya, wato buɗe irin wannan akwati sau ɗaya, kashi 0.6 ce cikin ɗari, da tabbacin samu a ja na 90. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatuna da ake saya da kuɗi caca ne, kuma a farkon 2019 EA, mai gem ɗin FIFA, ta daina sayar da makin da ake sayen akwatunan da shi a ƙasar. Idan yaro ne zai buga, wannan mataki ya fi duk sauran muhimmanci, tare da duba alamar shekaru ta PEGI ko ESRB da ke jikin wasan.

Mataki na takwas: a wace na'ura, kuma yaushe?

Hukuncin gem yana da kwanan wata. Cyberpunk 2077 ya fito a Disambar 2020 da matsaloli masu yawa a PlayStation 4, har Sony ta cire shi daga kantinta sai Yunin 2021 ya dawo, alhali masu kwamfuta mai ƙarfi sun buga wasa mai dama-dama tun ranar farko. No Man's Sky na 2016 ya fito babu abubuwa da yawa da aka sa rai, aka yi ta gyara shi shekara da shekaru kyauta har ya zama wani wasa daban. Don haka idan kana karanta sharhin wasu, duba ranar da aka rubuta da na'urar da aka buga. A Steam, kantin gem ɗin kwamfuta na intanet, ana raba ra'ayin kwanan nan da na gaba ɗaya, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana ba da labari.

A waya, buga rabin awa ka taɓa bayanta ka ji zafi, ka duba cajin da ya tafi, ka kashe data ka ga ko wasan zai buɗe. Wanda ba ya tashi sai da intanet ransa yana hannun kamfani: The Crew na 2014 ya daina aiki gaba ɗaya a 2024 da aka rufe sabobinsa, har ga waɗanda suka saya da kuɗinsu.

Mataki na tara: rubuta hukuncin

Ka raba takarda gida biyu, gefe ɗaya abin da wasan ya yi niyya ya kasa, ɗaya gefen abin da ya yi daidai amma kai ba ka so. Makaman da ke karyewa a The Legend of Zelda: Breath of the Wild na 2017 sun ba mutane da yawa haushi, amma an yi su ne don ka riƙa canza makami kana gwada sabo. Kana da damar ƙin wannan, sai dai a gefe na biyu za ka rubuta shi. Kyamarar da ke shigewa bango kuwa gefen farko take, domin ba wanda ya nufe ta.

Maki bisa goma ba ya gaya wa kowa komai, don haka hukuncin ya ƙunshi abu huɗu: alkawarin wasan, inda ya cika shi da misali ɗaya takamaimai, inda ya saɓa da misali ɗaya, da irin mutumin da zai ji daɗinsa. Ka kuma faɗi awa nawa ka buga da inda ka tsaya, domin wasan dabara ko mai dogon labari yana iya canza fuska bayan awa ashirin, wasan faɗa kuma ba a san daidaitonsa sai an kara da mutane. Idan a Steam ka saya, ka'idar mayar da kuɗi ita ce cikin kwana 14 kuma ba ka wuce awa biyu kana bugawa ba. Awa biyun nan sun isa ka gwada mataki na biyu zuwa na biyar da na takwas, don haka fara da su kafin ka zauna gyara fuskar jarumi.